Kwano Ɗaya da Baba Nomau

Ranar da na sauka Paris ruwa ake yi, irin ruwan nan nasu marar zuciya, ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Ina da shekara arba'in da ɗaya, da jaka guda, da lambar wani Alhaji da aka ce in na same shi na sami uba. Na same shi a Barbès, kusa da gadar metro, cikin wani shagon waya wanda bai fi akurkin kaji ba. Ya tashi ya rungume ni, ya tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe a kabari. Na ce a raina, Issufu, wahalarka ta ƙare.

Ashe nan ta soma. Ya ba ni takardun wani mutum, ya ce daga yau sunana Musa. Shekara huɗu ina wanke tukwane a bayan wani gidan abinci da sunan Musa. Ni da gumi, Musa da albashi, Alhaji da rabo, ya kuma bi ni da wa'azin haƙuri duk ranar Juma'a. Ban taɓa ganin Musan ba. Ranar da tafasasshen mai ya zubo mini a hannu, a takarda Musa ne ya ƙone. Tabon kuwa yana hannuna har gobe.

A Sevran nake kwana, mu shida cikin ɗaki ɗaya, hawa na tara. In asansar ta lalace, kuma kullum lalatacciya ce, sai ka hau da ƙafa kana jin warin girkin kowace ƙasa ta Afirka hawa bayan hawa. Uwata ta rasu ina cikin jirgin ƙasa, tsakanin Sevran da Paris. Ƙanena ya kira ya gaya mini. Ba wurin zama, ina riƙe da ƙarfe, wata mata tana taka mini ƙafa. Na ce innalillahi, na sauka tashar da na saba sauka, na tahi na wanke tukwane. Mi zan yi? Wanda ba shi da takarda ba ya zuwa jana'iza, ko ta wadda ta haife shi.

Ni dai na yi lakkol har aji shida, na faɗi jarrabawa, aka ce in je in kama sana'a. Ina karanta Faransanci kamar mai tafiya kan ƙaya. Don haka duk abin da na samu na alheri a ƙasar nan, ta hannun Malam Habu ya biyo. Ɗan Tawa ne, karatun injiniya ya kawo shi, na girme shi da nisa. A masallaci muka haɗu. Shi ya zauna ya cika mini takardu, shi ya raka ni layin hukuma sau ba adadi cikin sanyi, har na koma Issufu. Bai taɓa karɓar ko shayi a hannuna ba. Da ya sami aiki a Lyon ya kira ni ya ce, "Kawu, bar garin nan haka nan. Akwai wani kamfanin shara da ke neman mutum, a gidan jinyar tsofaffin soji."

Na haɗa jakata, ban yi wa Alhaji sallama ba.

Gidan yana bayan gari, kan tudu, inda bas yake juyawa. Tsofaffi ne cike, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi, yanzu wasu ba su san sunansu ba. Aikina goge ƙasa, kwashe shara, da tsakar rana in tura amalanken abinci in aje wa kowa nasa. Ɗakin ƙarshe a hawa na biyu akwai wani baƙin tsoho, dogo, ƙashi da fata, hannunsa na dama yatsu uku suka rage. An gaya mini ba ya magana, ba ya ci, kar in wahal da kaina. Kwana na uku ina goge ƙarƙashin gadonsa kaina ya bugi ƙarfe, na saki ashar da Hausa.

Sai na ji murya bisa kaina: "Kai! Wane marar tarbiyya ne wanga?"

Na fito da rarrafe. Yana kallona da ido jajur.

"Daga ina?"

"Damagaram, Baba."

"Babarbare?"

"E, Baba."

Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku sama. "Allah na gode maka. Har Turai ka aiko mini bawana."

Baba Nomau ke nan, Ba'are daga wajen Dogon Dutsi. Wanda ya san Nijar ya san Arawa da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni: zagi tsakaninmu gaisuwa ce, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Na ce masa, "Ba'are a kan katifa? Lalle duniya ta zo ƙarshe." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. An kwashe shi soja yana saurayi, ya bar yatsu biyu a wani dutse da ko sunansa ba ya son faɗi. Da tsufa ya zo Faransa neman haƙƙinsa na tsohon soja, aka ce sai yana zaune a ƙasar. Ya zauna, ya zauna, har ya faɗi a bene, aka kawo shi nan.

Kullum farantinsa yadda na kai haka nake ɗaukowa. Wata rana na aje zan juya, ya ce, "Wanke hannu."

Na ce, "Baba, an hana mu."

"Ni kare ne, da za a aje mini abinci a ba ni baya? Tun da uwata ta yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Ko a ramin yaƙi mu huɗu ne a kan gwangwani guda. Wanke hannu, ɗan Barebari."

Na tura ƙofa, na wanke. Ya sa na juye komai wuri ɗaya, dakakken dankali da kifi da karas, muka aje cokali gefe. Na riƙe bakin farantin da hannun hagu, yadda ƙarami yake yi gaban babba. Shi ya gutsura kifi, ya tura mini nawa. Ya ci loma ta fi goma. Da ya ƙoshi ya janye hannu ya jingina, ya bar mini saura, don haka ake yi: babba ya fara tashi, ƙarami ya sharce kwano.

Shekara uku muna haka. Ya yi kumari, har ya koma zama a kujera bakin taga yana zagin tattabaru. Tsofaffin majo na wurin, wato ma'aikatan jinya, sun sani sarai. Sun ga tsoho yana ci, suka kau da kai. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya tambaya. Ni kuma, in faɗi gaskiya, a duk ƙasar Faransa wannan rabin awar ce kawai nake jin ni mutum ne.

Sai aka kawo sabon tsari. An ce ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci, matasa ba sa son aikin tsofaffi, don haka za a riƙa ɗauko ɗaliban jinya su zauna a gidan wata shida, su kwana a ginin da ke gefe, a raba musu tsofaffi su koyi aiki a kansu. Aka kawo wata sabuwar shugaba, Madam Kolet, ta riƙe tsarin. Ranar buɗewa an yi jawabi, an sha lemo, ni na share wurin kafin a fara, ni na share bayan an watse. Abin da na tsinta a jawabinta ɗaya ne: kowane ɗalibi da littafinsa, duk abin da ya gani ya rubuta, don abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Wadda aka ba Baba Nomau sunanta Rakiya. A La Courneuve aka haife ta, ubanta ɗan Maraɗi. Sau ɗaya ta taɓa zuwa Nijar, tana ƙarama, zazzaɓi kawai take tunawa. Hausarta kamar tsohuwar tabarma, nan da sauƙi nan da rami. Amma yarinya ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Takan ce mini, "Sannu Tonton, ça va aiki?" Tonton ɗin shi ne kawu a bakin Faransawa. Tsoho kuwa ya sa mata suna amarya, yana cewa ta yi masa ƙanƙanta amma zai yi haƙuri. Na yi murna da zuwanta. Na ce ga tamu ta shigo cikin masu farar riga.

Sati na biyu ta turo ƙofa ba sallama. Da ta shigo da wuri kaɗan, da ta ga hannu biyu a faranti. Amma ta shigo daidai lokacin da Baba ya janye ya jingina, ido a lumshe, ni kuwa na duƙufa ina sharce kifi da yatsu.

Ta tsaya. "Tonton! Mi kake yi? C'est son repas, abincinshi ne!"

Magana uku da sun isa. In ce zauna, ɗiyata, in gaya miki. Amma ga maiƙo a bakina, kuma ɗiyar da na isa haifa ta kama ni kamar ɓarawon akuya. Kunya ta juye ta zama fushi. Na ce, "Tahi ki yi aikinki, ɗiyar jiya. Mi kika sani?"

Ta fita. Ta rubuta.

Washegari aka kira ni biro, ofishin shugaba. Madam Kolet, da wakilin kamfaninmu, da Rakiya a gefe kanta a ƙasa. Madam ta ce, gaskiya ne ina cin abincin majinyaci? Na ce e. Tun yaushe? Na ce shekara uku. Suka dubi juna. Na so in yi bayani, amma ni in raina ya ɓaci Faransancina gudu yake yi ya bar ni. Abin da ya fito bakina kawai, "Tare, tare, shi ya ce." Madam ta ce to a je a tambaye shi, Rakiya ta yi tafinta, don tsoho ya daɗe da rantsuwa ba zai ƙara yin Faransanci ba.

Muka hau. Rakiya ta durƙusa ta ce, "Baba, mutumin nan yana ci abincinka?"

Baba Nomau ya dube ni tsaye a bayan Turawa, ya ga dama ta samu. Ya washe baki ya ce, "Wanga? Babban ɓarawo ne! Duk Barebari haka suke. Kullum sai ya cinye mini kifi. Ku ɗaure shi!"

Yana dariya yana faɗi. Rakiya ta juya maganar kalma bayan kalma, ba ta rage ba ta ƙara ba. Dariyar ce kawai ba ta fassara ba. Na ce, "Baba, ka kashe ni, su ba su san wasa ba!" Ya ce, "Kun ji ko? Ya amsa laifinsa." Har aka fitar da ni yana ƙyaƙyatawa, yana zaton gobe da tsakar rana zan dawo mu ƙarasa.

Ba a kore ni ba, don wata tsohuwar majo ta sa baki, Malam Habu kuma ya rubuta wasiƙa. Aka maida ni ƙarƙashin ƙasa, ɗakin wanki, inda ba taga. Aka canja mini katin ƙofa, ba ya buɗe hawa na biyu. Aka ce in aka gan ni a sama, aikin ya ƙare, kuma wanda aikinsa ya ƙare takardunsa ma suna bin baya.

Kwana huɗu sai ga Rakiya ta sauko. Ina ninke zannuwan gado, injuna suna ruri.

"Tonton, Baba ba ya ci."

Ban ɗaga kai ba.

"Kullum shina cewa na ƙoshi, na ƙoshi. Shina tambaya ina bawana. Ban gane ba. Kai ka san mi yake so?"

Ai na sani. Na san namijin da ya kai shekarunsa ba zai buɗe baki ya gaya wa jikarsa cewa ba ya iya ci shi kaɗai ba. Gara yunwa ta kashe shi. Na san duk wannan, kuma ga yarinya tsaye gabana idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Duba cikin littafinki. Ba komai ke ciki ba?"

Ta juya ta hau.

Kwana shida na riƙe bakina bayan wannan. Ina son su ɗanɗana. Ina son Madam Kolet da kanta ta sauko ɗakin wanki ta ce mini yi haƙuri. Kullum da tsakar rana ina jin ƙarar amalanken abinci bisa kaina, ina cewa gobe za su zo. Su sun yi kuskurensu cikin rashin sani. Ni da sanina na yi nawa, kuma ba cikina ne yake wofi ba. Na sha zagin Alhajin Barbès a raina shekara da shekaru, amma shi gumina kawai ya ci.

Uban Rakiya ne ya warware mata. Ta kira shi tana kuka ta ba shi labari tun daga farko. Ta ce mini daga baya, da ta kai wurin "ku ɗaure shi", uban ya yi salati ya ce, "Ke, tsohon daga ina yake? Shi kuma mai sharar fa? Ba'are da Babarbare! Wayyo, laifina ne da ban gaya muku komai ba." Rannan da tsakar rana ta wanke hannu ta zauna gaban tsoho ta ce su ci tare. Ya dafa kanta ya ce, "Allah shi yi miki albarka, amarya. Amma mu ba a koya mana haɗa hannu da mata a kwano ba. Na ƙoshi."

Ta tafi wurin Madam Kolet ta ce ita ta yi kuskure, a soke abin da ta rubuta, ko da za a kayar da ita a karatun. Wannan na yaba mata. Ta fi ni zuciya. Madam ma ba muguwa ba ce, ta hau ta zauna bakin gadonsa, an ce har ta share ido. Amma ta ce abin da aka rubuta ba ya sokuwa da baki. Sai an zauna da likita, da mai kula da tsabta, da wakilin kamfani, shi kuma ya tafi hutu. Aka sa wa tsoho ruwa a jijiya, ana jiran zama.

Rakiya ta sake saukowa, wannan karon da takarda a hannu. Ba ta ce Tonton ba.

"Kawu, ka yafe mini. Sun yarda."

Na karanta da ƙyar. An yarda in shiga ɗakin da tsakar rana a matsayin baƙo, rabin awa. Kowa da farantinsa, kowa da cokalinsa, ɗaliba tana wurin tana rubuta abin da aka ci. Kwana goma sha tara ke nan rabona da shi.

Da na shiga ban gane shi ba. An tada kan gadon, an jingina shi da matasai, wuyansa kamar kara. Madam Kolet tana tsaye bakin ƙofa, Rakiya a kujera da littafi. A kan teburin da ake turawa bisa gado an jera faranti biyu, cokali biyu, kofi biyu.

Na ce, "Salamu alaikum, Ba'are. An ce kana azumi ba watan azumi ba."

Ya buɗe ido a hankali. Ya daɗe yana kallona.

"Ɓarawo," ya ce, muryar kamar iska a rami. "Ina ka shiga?"

"Kai ka ce a ɗaure ni."

"Kuma ka yarda? Wawa."

Sai idonsa ya sauka kan tebur. Ya dubi farantin nan, ya dubi wancan.

"Wa ya raba mu? Faɗa muka yi?"

Na ɗauki farantina na juye cikin nasa, gaban Madam, na ture cokulan gefe. Na ji ta ja numfashi za ta yi magana, Rakiya ta ce mata wani abu ƙasa-ƙasa, ta fasa. Na kawo ruwa a roba na wanke masa hannu, na wanke nawa. Na riƙe bakin farantin da hagu.

Ya ce bismillah. Ya ɗebi ɗan dankali da yatsun nan uku, ya kai baki. Muka zuba masa ido mu uku. Ya juya shi a baki, ya juya, maƙogwaronsa ya motsa sau biyu, abin ya ƙi wucewa. Ya dawo da shi. Rakiya ta tashi ta share masa haɓa. Ya sake gwadawa, haka. Bai gwada na uku ba.

Ya miƙa hannu ya gutsura kifin biyu, yadda ya saba. Ya turo mini rabina. Ya ɗan tsaya, sannan ya turo ɗaya rabin ma. Ya janye hannu, ya jingina.

"Na tashi," ya ce. "Sharce."

"Baba, ko loma guda..."

"Babba ya tashi, ɗan Barebari. Ba a yi maka tarbiyya ba? Ci, ina kallonka."

Na ci. Abincin mutum biyu, ya huce, ba gishiri, yana tsaya mini a ƙirji ina tura shi da wani. Bai ɗauke ido daga kaina ba har na sharce farantin tas. Rakiya tana riƙe da alƙalami, ba ta rubuta komai ba.

Ran Talata ke nan. Laraba na zo na tarar an janye teburin abinci daga ɗakin. Bai kai Juma'a ba.